Katin Yaya, Jinin Auta

Likita ya juya takardar ta fuskanci Kafinta, ya ɗora bakin biro a kan layin da aka zana. Layin ya faro daga sama, ya gangaro sau biyu kamar matakala, sannan a ƙarshe ya miƙe tsaye har ya wuce inda ya faro.

"Baba, ka ga nan? Kafin ka sha magani, tamanin. Bayan wata uku, hamsin da biyu. Wata shida, talatin da ɗaya. Muna ta murna. To ga na wata tara." Ya buga biron a wurin. "Casa'in da huɗu."

Kafinta ya dubi lambar, ya dubi fankar da ke juyawa a sama.

"Ko injin ne ya yi kuskure, Likita?"

"Mu ma haka muka so. Sau biyu aka maimaita. Har sawun ƙwayar cutar kanta muka nema a cikin kwalbar, muka samu. Maganin bai kashe ta ba, Baba. Litinin ka dawo mu sake, wannan karon kwana casa'in."

Ya ce to. Ya ninke takardar gida huɗu ya sa a aljihu, ya yi godiya ya fito. Sai da ya kai bakin titi ya tsaya a gindin wani turken fitila. Kwana casa'in ɗin ko a jikinsa. Damuwarsa ita ce, jinin wata tara ba daga hannunsa ya fito ba. Jinin ƙaninsa ne, Auta.

Ciwon irin wanda ba ya sallama ne. Wani ƙwaro mai ɓuya a tsagin bango yake sa wa mutum shi, tun yana yaro ma, sai ƙwayar cutar ta shige jiki ta yi lamo shekara ashirin, talatin, tana cin naman zuciya a hankali. Mutum yana aikinsa, yana dariyarsa, rana ɗaya ya faɗi. Kafinta ya san yana da shi ne ranar da ya je ba wa surukinsa jini aka ƙi karɓa. Aka ce duk wanda suka tashi ɗaki ɗaya ya zo a gwada shi. Auta ya ce gobe, goben ta zama jibi, har aka gaji da maganar.

Kwana sittin Kafinta ya yi yana haɗiyar ƙwayar maganin. Ta feso masa ƙuraje tun daga wuya har ƙugu, ta sa tafin ƙafarsa raɗaɗi kamar ya taka garwashi, abinci ya koma masa ɗanɗanon ƙusa. Da ya gama ya je aka gwada shi, takarda ta ce ciwon yana nan. Saura kaɗan ya yaga ta. Malama mai gwajin jini, wata dattijuwa mai tabarau a kan hanci, ita ta zaunar da shi.

"Idan ƙwaro ya ci maka falanki ka yi masa feshi, ramukan suna toshewa?"

"Ina! Rami ai ya zauna kenan."

"To yaya kake gane ƙwaron ya mutu?"

"Sai in share ƙarƙashin falankin tas, in dawo bayan kwana biyu. In na ga sabon gari ya zubo, yana da rai."

"Madalla. Tsohon gwajinmu ramin yake gani, kuma zai yi shekara goma yana ganinsa. Akwai sabon awo da muke bincike a kai, shi garin yake aunawa, wani abu ne da ke yawo a jini muddin cutar tana da rai. Mun auna maka tun kafin ka fara magani, amma awo ɗaya ba ya faɗin komai. Sai mun ɗiba duk wata uku, mu jera, mu ga ko yana raguwa. Wanda ya tsallake ranarsa, layinsa ya tsinke."

Wannan magana ta tsinkewar layi ita ya riƙe, sauran ya bar ta a can.

Shagonsu shi da Auta kuwa da tsarinsa tun zamanin mahaifinsu: wanda hannunsa ba ya kan aiki shi ke tsaya wa ɗan'uwansa. Auta ya sha zuwa taron iyayen yara da sunan Yaya. Kafinta ya taɓa zama aka ɗauki hotonsa aka liƙa a takardar Auta, ba wanda ya gane, don goshi ɗaya ne, hanci ɗaya, har tafiya ɗaya. Bambancin kawai shekara tara da kuma bakin Auta da ba ya rufuwa. Ranar jinin wata tara ta faɗo daidai ranar kafa ƙofofi goma sha biyu a wani sabon gini, mai ginin kuma ya ce shi babban yake so ya gani a wurin. Kafinta ya miƙa wa Auta katinsa na asibiti kamar yadda zai miƙa masa guduma. A lissafinsu, Auta lafiyayye ne, jininsa ba zai ɓata komai ba, layi kuma bai tsinke ba. Malama tana hutu a lokacin, sabuwar ma'aikaciya ta duba kati ta soka allura. Manyan mutane biyu masu furfura suka yi wannan aika-aika, har suna yaba wa kansu dabara.

A gida ya tarar da matarsa tana shanya a tsakar gida. Kallo ɗaya ta yi masa ta ajiye bokitin.

"Baban yara, me suka ce?"

Ya gaya mata duka, har da abin da ba ta sani ba. Ta kife bokitin ta zauna a kai.

"Wato ciwon yana jikin Auta."

"Yana jikinsa."

"Kai kuma ba a san inda kake ba."

"Bar ta tawa." Ya matso ya rage murya, ko da yake ba kowa a gidan. "Na yi wani tunani. Kin san shi, ko da igiya ba za a kai shi asibiti ba. In je Litinin in karɓo maganin da sunana. Ke kuma shayin da kike aika mana shago da safe, sai ki riƙa daka ƙwayar…"

"Tsaya nan." Ta ɗaga hannu. "Maganin da sai an ɗora ka a sikeli kafin a ƙirga maka? Wanda duk sati biyu ake duba hantarka? Shi zan zuba wa ƙanin mijina a shayi kamar mai kashe ɓera? Ranar da ya fara kumbura mu ce masa me, sauro ne?"

"To me kike so in yi?"

"Da kati kuka fara, yanzu za ku koma ƙwaya. Ka je ka buɗe baki ka gaya masa. Ba ƙofa ba ce wannan da wani zai kafa a madadin wani."

Washegari ya riga Auta zuwa shago, abin da bai saba ba. Ya share, ya jera zarto da guduma, ya sake jera su. Auta ya shigo da falanki biyu a kafaɗa yana fito, fensir a bayan kunne. Ya sauke su, ya zauna a kansu yana mai da numfashi. Da can Kafinta ba ya kula da wannan zaman. Yau ya ƙirga shi.

"Yaya, lafiya? Shago ya yi fes kamar za a ɗaura masa aure. Yaya likitocinka? Sun ga jinin sarauta sun rikice ko?"

Kafinta ya zaro takardar ya shimfiɗa a kan teburin aiki, ya danne gefenta da gwangwanin ƙusa. Ya bi layin da yatsa kamar yadda Likita ya yi. Da ya zo kan casa'in da huɗu ya tsaya.

"Wannan naka ne."

Auta ya yi dariya, gajeriya. "Sunan wa ke sama?"

"Nawa."

"To ka gani."

"Auta, ɗaki ɗaya muka kwana shekara goma sha biyar. Bango ɗaya. Sun ga cutar a kwalbar da ka cika."

"Ni na ce a gwada ni?" Dariyar ta tafi. "Taimakonka na je yi, Yaya. Na bar aikina na zauna a benci awa biyu, wata yarinya ta soke ni sau biyu kafin ta samu jijiya. Ladan kenan, ka dawo min da ciwo a aljihu?"

"Ba ni na kawo maka ba. Yana nan tuntuni."

"To a bar shi inda yake. Ya dame ni? Ina ci, ina sha, ina ɗaukar abin da kai ba ka iya ɗauka." Ya miƙe ya ɗauki zarto, ya ajiye. "Na ga abin da maganin nan ya yi maka. Ni na riƙa kawo maka ruwa a roba kana tsoma ƙafa. Mutum kamarka yana sosa baya da jikin ƙofa. Kuma in na yarda yau, shi ke nan, duk tsanin da na hau zan riƙa sauraren ƙirjina. Gara ban sani ba."

"Ai ka riga ka sani."

"Ban ji ba."

"'Ya'yanka mata uku, babbar ba ta gama firamare ba."

"Kada ka sa min yara a ciki."

Ya kafa falanki ya hau yanka da ƙarfi, zarton yana kuka. Kafinta ya tsaya yana kallon bayansa, bayan da ya goya a kan nasa lokacin da ƙafafun ba su kai ƙugunsa ba. Ya ninke takardar.

"Shi ke nan. Katina ne, sunana ne. Sun ce Litinin, kwana casa'in. Zan je."

Zarton ya ɗan tsaya, ya ci gaba. Kafinta kansa bai san me zai je yi ba. Kwana huɗu suka yi suna aiki kafaɗa da kafaɗa, ba abin da ke haɗa su sai "miƙo tef" da "riƙe nan".

Litinin da hantsi yana kan benci a gaban ɗakin gwaji. Mutum shida ne a gabansa, kowa da katinsa a hannu. Wata mata mai ciki tana gaya wa ta kusa da ita cewa nata layin ya sauka sau uku a jere, Likita ya ce da alama ta rabu da shi. Tana faɗa tana shafa cikin. Kafinta ya sunkuyar da kai.

Da aka kira shi ya tarar Malama ta dawo daga hutu. Ta dube shi ta saman tabarau.

"Mai falanki. Na ga takardarka, ban ji daɗi ba. Zauna in ɗibi na yau kafin ka ga Likita."

Ya zauna, amma bai naɗe hannun riga ba.

"Malama, ina da magana, kuma ba mai daɗi ba ce."

Ya faɗa daga farko, da ƙofofin, da katin, da komai. Bai yi wa kansa ado ba. Tana saurare ta cire tabarau ta goge da bakin farar rigarta, ta mayar.

"Shekarunka nawa?"

"Hamsin da biyar."

"Da ɗan makaranta ne ya yi min haka da na ja kunnensa. Ka san mutum nawa ne a binciken nan? Ɗari da arba'in. Kowa layinsa muke kallo mu gane ko awon nan abin dogaro ne. Sati guda Likita yana zaune da naka a gaba yana tambayar kansa ko maganin ne banza ko awon. Wannan yarinya da ta ɗibi jinin har an kira ta an yi mata tambayoyi, ta fita da hawaye. Kai kuma saura ƙiris mu ɗura maka kwana casa'in a banza."

"Na yi laifi, Malama."

"Ka yi." Ta jawo takardarsa, ta ja layi a kan casa'in da huɗu, ta yi rubutu a gefe. "Da ka zo ka ce ba ka da hali ranar nan, da mun matsar maka da kwana biyu. Abin da ka ji tsoro kenan. Naɗe hannunka."

Ta ɗaure masa dantse, ta laluba jijiya, ta soka. Yana kallon kwalbar tana cika.

"Ƙanin nawa fa?"

"Ina yake?"

"Ya ƙi."

"To ba a ɗaure mutum a kawo mana shi. In ya zo da ƙafarsa, ƙofa a buɗe take. In bai zo ba…" Ta danna masa auduga.

A nan hayaniya ta tashi a baranda. Wata murya tana cewa a yi haƙuri ba layi zai tsallake ba, magana ɗaya zai yi ya fita, ran mutum ne. Ƙofa ta bugu da bango. Auta ne, garin katako har gira, fensir yana nan a bayan kunne, yana haki.

"Kada ku ba shi! Hajiya, Likita, ko wace ce ke, kada ku ba shi ko ƙwaya ɗaya. Jinin nan nawa ne. Ni na zo da katinsa, ni aka soka, ga wurin." Ya turo gwiwar hannu, inda babu ko tabo. "Wannan tsohon taurin kai ne da shi, zai shanye kwana casa'in ya mutu a banza bai ce muku komai ba. In ɗauri ne ni za ku ɗaure."

Malama ta bar shi ya kai ƙarshe. Sannan ta liƙa takarda a jikin kwalbar, ta ajiye ta a mazauninta.

"Ka gama? Yayanka ya riga ka da minti ashirin."

Auta ya dubi Kafinta, ya dubi audugar da ke hannunsa.

"Ka faɗa?"

"Na faɗa."

"Shi ne ka bar ni kwana huɗu abinci ba ya wuce min? Na rufe shago, na bar manne yana bushewa, na yi gudu tun daga mahaɗa kamar ɓarawo!"

"Ban ce maka zan sha ba. Cewa na yi zan je."

"Allah ya isa tsakanina da kai, Yaya." Ya dafa ƙofa yana neman numfashi. Numfashin ya daɗe bai dawo ba, su ukun duk suna ji. Da ya dawo ya ce, "To tunda an gama, ni na koma."

"Ka koma," in ji Malama, tana wanke hannu. "Ba mai riƙe ka. Abu ɗaya zan gaya maka. Mutanen da suka sha maganin nan shekarun baya, shan duhu suka yi, wasu har yau ba su san ko sun warke ba. Kai in ka sha, wata uku za mu fara ganin ko yana sauka. Kuma in ƙurajen suka taso akwai abin da ake yi, in mutum ya zo ya faɗa. Yayanka bai faɗa ba, ya zauna a gida yana nuna jarumta."

Auta bai saki ƙofar ba, bai kuma fita ba. Ya daɗe yana kallon kujerar da Kafinta ya tashi daga kai.

"Yaya."

"Na'am."

"Ƙafar nan, ta daina gaba ɗaya?"

"Ta daina. Sati na bakwai ne mugu, daga nan sai sauƙi."

"Ƙarya kake. Tun sati na biyar ka fara kuka."

"Ban yi kuka ba."

"Na ji ka a bayan shago."

"Garin katako ne ya shiga min ido."

Auta ya yi tsaki. Ya kakkaɓe rigarsa, gari ya tashi a ɗakin da ake shara sau uku a rana, Malama ta rufe ido ta yi haƙuri. Ya zauna a kujerar a ɗosane, ya miƙa hannun hagu.

"Wannan za ki soka. Da dama nake yanka."

Sai bayan azahar suka fito. An buɗe masa kati, an ɗora shi a sikeli, an liƙa masa wayoyi a ƙirji injin ya zana bugun zuciyarsa a doguwar takarda. Likita ya daɗe a kanta. Ya ce cutar ta ɗan taɓa wurin, amma ba ta yi nisa ba, za a tabbatar da gwajin a fara magani sati mai zuwa. Sakamakon jinin Kafinta kuma sai nan da kwana goma.

A bakin titi Auta ya tsaya yana duba sabon katin, gaba da baya.

"Kwana sittin. To wa zai riƙa ɗauko falanki?"

"Ni."

"Kai? Da wannan bayan naka?"

"Ɗaya-ɗaya zan riƙa ɗaukowa. Kai ka zauna a inuwa ka riƙa goge katako da samfefa."

"Samfefa! Shekara ashirin da biyar ina sana'a a mai da ni kan samfefa." Ya sa katin a aljihun gaba ya maɓalle. "Kuma kai za ka gaya wa matata, don ni ban san ta inda zan fara ba."

"A'a," in ji Kafinta. "Zan dai raka ka, in zauna a gefe."

Motar haya ta tsaya, suka shiga.